Daga Tsafe Zuwa Bungudu da Manhajar Neman Taska

Wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda yanzu yake koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Gusau, shi ne sanadin wannan tafiya. Ya ji labarin wani wasa da ake yi a Turai da Amurka mai suna Geocaching: mutum zai ɓoye ɗan akwati a wani wuri, ya ɗauki lambobin wurin da GPS ya sa a intanet, wasu su bi lambobin su nemo akwatin, su rubuta sunansu a ɗan littafin da ke ciki, su mayar da shi inda suka same shi. Malam yana so ya koya wa ɗalibansa karatun taswira ta wannan hanya, domin ya gaji da zana layuka a allo yara suna kwafa ba tare da sun san me layukan suke nufi a ƙasa ba. Tambayarsa ita ce, a cikin manhajojin da ake wasan da su, wacce ce ta cancanci a sa a waya, kuma akwai wadda ta isa a biya mata kuɗi? Ya san na daɗe ina bin masu awon filaye a Kano, na saba da irin waɗannan na'urori. Na ce masa abin da ya yi aiki a Nasarawa ta Kano ba lalle ne ya yi a Zamfara ba, sai na zo mun gwada a ƙasar da za a yi amfani da shi.

Wasan bai tsufa ba. Kafin watan Mayu na shekarar 2000, sojojin Amurka, waɗanda su ne masu taurarin GPS, da gangan suke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har na'ura takan kauce wa wuri da mita 100. Gwamnatin Bill Clinton ta cire wannan takunkumi ranar 2 ga Mayu, 2000. Washegari wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a wani daji a jihar Oregon, da littafi da fensir da 'yan tarkace a ciki, ya sanar da lambobin wurin don a gwada ko sabon GPS ɗin zai iya kai mutum. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe dandalin da ake tara waɗannan lambobi, daga baya ya zama kamfanin Groundspeak da ke Seattle. Yau akwatunan da aka ɓoye a duniya sun haura miliyan 3.

Daren da zan tashi na sauke manhajojin da taswirorin yankin a wayata, da datar dare mai araha. Bayan sallar asuba na nufi tashar Rijiyar Zaki, na biya Naira 6,000 zuwa Funtua. Kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan kuɗi ya isa ya kai mutum Gusau har ya ci abinci a hanya. Muka bi ta Gwarzo, muka shiga ƙasar Katsina ta Dayi, sai Malumfashi, sai Bakori. Lokacin kaka ne, an yanke masara an fara karya dawa, auduga ta yi fari a gonakin gefen titi, hazon hunturu bai riga ya sauko sosai ba. A Funtua na karya kumallo da waina da miyar taushe wurin wata dattijuwa a bakin tasha, Naira 700 har da ɗan nama. A Kano ba zan same shi haka ba.

Daga Funtua yanayin tafiya yake sauyawa. 'Yan kamasho suna lodi da sauri, direbobi ba sa son la'asar ta same su a hanya, fasinjoji kuma kowa ya yi addu'arsa a bayyane kafin mota ta tashi. Kuɗin mota zuwa Tsafe Naira 3,000. Direbanmu ya juyo ya dube ni da wayar a hannu ya ce, "Yallaɓai, in mun zo shingen sojoji a sa ta aljihu." Na yi yadda ya ce a kowane shinge, kuma shingayen suna da yawa daga Sheme zuwa Yankara har Wanzamai, inda ake shiga Zamfara. Ana aikin mayar da titin tagwaye, don haka wani wuri kwalta, wani wuri jar ƙasa da ƙura.

Tsakanin shinge da shinge na kashe layin wayar gaba ɗaya na buɗe manhajar taswira ta OsmAnd, ɗigon da ke nuna inda muke ya ci gaba da tafiya a kan titi. Wani dattijo mai fataucin hatsi da ke zaune kusa da ni ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wanga abu ba sabis, ƙaƙa taka ganin mu?" Na ce masa, "Baba, ba ita ake gani ba, ita ce take saurare." Taurarin GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da inda yake. Waya in ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take. Ba ta aika komai, ba ta bukatar layi ko kati. Abin da ke bukatar data shi ne hoton taswirar, in kuwa an riga an sauke shi, an gama. Dattijon ya girgiza kai ya ce da sun san haka a 2021. Ranar 3 ga Satumba na shekarar aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako. Ya ce har Funtua suke zuwa don su kira 'yan'uwa su ce suna raye. Gusau ta samu sabis bayan kusan wata ɗaya, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba. Tun a motar nan na ajiye ma'aunina na farko: duk manhajar da ba za ta yi aiki ba sai da sabis, ba ta Zamfara ba ce.

A Tsafe na sauka gidan ƙanin mahaifiyata. Ban sanar da shi lokacin isowata ba, amma kafin in wanke ƙurar hanya an kawo fura da nono mai kauri, irin wanda a Kano sai ka san Bafulatanar da za ka saya a wurinta. Da dare aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, aka yanka mini zakara duk da na san halin da ake ciki. Gaisuwar mutanen nan doguwa ce, ana tambayar gajiya da iyali da mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta suna shigowa su ga baƙo. Abin da ya bambanta da gida shi ne dare. A unguwarmu mai shayi yana nan har sha biyu, a Tsafe kuwa bayan isha'i gari yake yin tsit.

Da na yi wa Kawu bayanin abin da ya kawo ni, bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, baƙo makaho ne ko da idonsa. Nan in aka ga mutum shina yawo da waya shina ɗaukar wurare, ba a cewa wasa shikai. Infoma za a ce." Ya faɗa mini yadda masu kai wa 'yan bindiga rahoto suka sa kowa yake tsoron kowa, yadda manoman wasu ƙauyuka sai sun biya kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka shuka, da yadda zargi kaɗai ya isa ya jawo wa mutum abin da ba a fata. Ya ce ko Askarawan Zamfara, waɗanda gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a watan Janairu na 2024, in suka ga baƙuwar fuska tana wannan aiki, sai sun tsayar da shi, kuma suna da gaskiya.

Maganar Kawu ta taɓa tushen wasan ne kai tsaye. Manhajar kamfanin Groundspeak an gina ta ne a kan sanarwa: ka ɓoye abu, ka bayyana wa duniya lambobinsa, duk wanda ya nemo ya rubuta ranar da ya je, sau da yawa har da hoto. A ƙasar da ake zaman lafiya wannan shi ne daɗin abin. A nan kuwa, rubuta cewa yara 'yan makaranta suna zuwa gindin wata bishiya a bayan gari, ga lambobinta, ga ranakun da suke zuwa, ba abin da mai hankali zai yi ba ne. Ko manyan ƙasashe sun ɗanɗana irin wannan. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna sansanonin sojojin Amurka a Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna gudu da wayoyinsu a kewayen sansanin. Ba wanda ya yi nufin tona asiri, manhajar ce aka yi ta don ta riƙa bayyanawa. Ko hoton da mutum ya ɗauka da waya yakan ɗauki lambobin wurin a cikinsa in ba a kashe wannan saiti ba. Ma'aunina na biyu a zauren Kawu na same shi: in ka ajiye wuri a manhaja, wa zai gani bayan kai?

Na so in je 'Yandoto, tsohon garin malaman nan da ke gaba kaɗan da Tsafe, wanda ake danganta Muhammadu Korau na Katsina da shi, wanda kuma rundunar Muhammadu Bello ta ci a farkon jihadi. Daga can ne Malam Sambo ɗan Ashafa ya fito kafin ya kafa Gusau. Wuri irin wannan shi ya fi cancanta ɗalibi ya tsaya a kansa da taswira a hannu. Kawu ya ce in kalle shi daga mota, kada in sauka. Haka na yi, kuma abin ya yi mini ciwo, domin garin da aka riƙa zuwa neman ilmi daga nesa yau ɗan makarantar Gusau ba ya iya zuwa ya gan shi.

Da hantsi Kawu ya raka ni tasha, ya hana ni biyan kuɗin mota, ya haɗa ni da direban da ya sani. Na roƙi a tsaya mini a Kwatarkwashi, direban ya yarda tunda akwai mai sauka. Dutsen Kwatarkwashi tun daga nesa yake tare ido, garin yana kwance a gindinsa. Ko da yake yana kan hanyar Tsafe zuwa Gusau, a ƙaramar hukumar Bungudu yake, da masarautarsa daban. Wani mai sayar da rake ya ba ni labarin bikin kamun maiki da kakanninsu suke yi a kan dutsen. A bakin titi wayar ta nuna kuskurenta bai wuce mita 4 ko 5 ba. Da na matsa kusa da jikin dutsen, lambar ta haura, ɗigon ya fara tsalle. Dalili shi ne dutsen ya tare rabin sama, saƙon wasu taurarin kuma yana bugun dutsen ya dawo kafin ya iso wayar, sai lissafi ya rikice. Manhajar c:geo, ɗaya daga cikin na wasan, da OsmAnd duk suna nuna wannan lamba ta kuskure a fili, abin da malami yake bukata ya nuna wa ɗalibi ke nan, don ya san na'ura ma tana da iyaka. A cikin wasan akwai wani nau'i da ake kira EarthCache, wanda aka fara a 2004 tare da ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka. Shi ba a ɓoye komai, ana tura mutum ne wurin wani dutse ko kwazazzabo ya amsa tambayoyi a kan yadda ya samu. Wannan nau'in ya fi dacewa da mu nesa ba kusa ba, kuma dutsen nan shi kaɗai darasin zango guda ne.

Muka wuce ƙofar Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, muka shiga gari da azahar. Abu na farko da Bakano zai lura da shi shi ne 'yan kabu-kabu. A Kano an hana acaɓa tun Janairun 2013, mun koma a-daidaita-sahu, a Gusau kuwa Naira 300 ta kai ni masauki a kan babur. Malam ya so in sauka gidansa, amma na san ɗakunansa da yawan iyalinsa, sai na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki a Tudun Wada, Naira 12,000 kwana ɗaya, da fanka da ruwa a bokiti, janareta kuma zuwa sha biyun dare. Irinsa a Kano sai an ƙara rabin kuɗin. Ya yi fushi, ya ce to abinci dai daga gidansa za a riƙa kawowa, haka kuwa aka yi, safe da dare. A nan na ci hoce, wanda ban taɓa samun mai daɗinsa a Kano ba. Balangu ma ya fi araha, amma kayan kanti da sabulu da man girki sun fi tsada, tunda yawancinsu daga kasuwar Singa ake ɗauko su a biyo wannan hanya mai shingaye.

Gusau gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa ta ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, shi ya jawo gyaɗa da auduga da kamfanonin Turawa, daga baya masaƙa da matatar man girki. Tun 1 ga Oktoba, 1996 ta zama babban birnin jiha. Da yamma Malam ya zagaya da ni tashar jirgin da kewayen masaƙar, wurare ne da aka gina don hayaniya, yanzu ba ta.

Da dare muka baje wayoyi a kan tabarma a ƙofar gidansa. Muka fara da manhajar kamfanin, tunda a cikin gari akwai sabis. Kyakkyawa ce, mai sauƙin fahimta, amma da ta buɗe taswirar kewayenmu fayau take, ban ga akwati ko ɗaya da wani ya ɓoye ba. Wanda bai biya ba, akwatuna masu sauƙi kaɗai yake gani, sauke taswira da jerin wurare don amfani ba tare da sabis ba kuwa sai mai biya. Kuɗin kusan dala 40 ne a shekara, wato wajen Naira 60,000 a lokacin, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne. Sannan sai kana da katin bankin da ke biyan dala. Dokokinsu ma ba su bar wa Malam ƙofa ba: dole akwati ya yi nisan mita 161 daga ɗan'uwansa, ba a binnewa a ƙasa, sai wani mai tantancewa ya amince, kuma ba sa son a ajiye a harabar makaranta. Dokoki ne masu ma'ana a inda aka yi su. Shi kuwa Malam harabar makaranta ce kaɗai wurin da zai iya kai yara hankalinsa kwance.

Sai c:geo. Wannan masu sha'awar wasan ne suka haɗu suka rubuta ta a lokacin hutunsu, kyauta, ba talla, kuma kowa yana iya duba yadda aka gina ta. A wayar Android kaɗai take aiki, wanda ba matsala ba ce a wurinmu tunda Tecno da Itel da Infinix ne a hannun jama'a. Fuskarta ba ta kai ta kamfanin kyau ba, maɓallanta sun yi yawa, ba ta da Hausa, kuma tana dogara da dandalin kamfanin wajen ɗauko akwatunan duniya, in can aka sauya wani abu takan yi tangarɗa sai masu ita sun gyara. Amma tana da abin da muke nema. Mutum yana iya ƙirƙirar nasa wurin, ya ba shi suna, ya rubuta alamar da za ta taimaki mai nema, ya ajiye a cikin wayarsa kawai ba tare da ya hau intanet ba. Tana nuna kibiya da nisan da ya rage, tana karɓar taswirar da aka sauke, tana fitar da komai a fayil ɗin GPX wanda kusan kowace manhajar taswira take karantawa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci: in manhajar ta mutu gobe, aikinka bai mutu da ita ba.

GSAK, wadda wani ɗan Ostareliya mai suna Clyde England ya rubuta, ba mu daɗe a kanta ba. Ta kwamfuta ce mai Windows, an yi ta don wanda yake da dubban akwatuna yana son tacewa da jerawa. Malam ba shi da dubbai, wutar da za ta riƙe kwamfutar ma ba kullum ba.

OsmAnd da Organic Maps ba don wasan aka yi su ba, amma su ne suka fi ba ni sha'awa. Dukansu suna amfani da taswirar OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, masu sa kai ne suke zana ta. Organic Maps ta fi sauƙi da rashin cin caji, OsmAnd ta fi iya rubuta sawun tafiya da awo. Manyan titunan Gusau suna ciki, amma lunguna da yawa ba suna, wasu ma babu su. Malam ya ga wannan a matsayin aibi. Ni kuwa na ce masa aikin ɗalibansa ke nan nan gaba, titi da kasuwa da asibitin da kowa ya riga ya sani, ba gidan kowa ba.

Muna cikin haka yayar matarsa ta fito, ta ji abin da muke yi ta ce, "Malam, ai mu mun riga ku." Ta yi aikin rigakafin shan inna shekaru. Tun wajen 2012 aka fara ba ayarin masu rigakafi wayoyi a jihohin Arewa, har da Zamfara, wayar tana rubuta inda suke duk bayan minti biyu. Da yamma a tattara, a ɗora sawun a kan taswirar da aka zana daga hoton tauraron ɗan'adam, a ga unguwar da aka shiga da wadda aka tsallake. Ta ce da farko sun ƙi abin, suna ganin sa ido ne, amma ta haka aka gano rugage da ƙauyukan da ba sa cikin taswirar hannu da ake amfani da ita a da. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Wannan ita ce babbar farautar GPS da aka taɓa yi a ƙasar nan, kuma abin da ake nema yara ne da ba a ɗiga wa magani ba.

Da safe a teburin mai shayi, inda shayi da burodi da ƙwai biyu suka tashi Naira 1,500, wani matashi ya ji Malam ya ambaci taska. Ya matso ya rage murya ya ce, "Yaya, tana nuna zinari?" Na ce masa a'a, GPS inda kake kaɗai yake faɗa maka, bai san abin da ke ƙarƙashin ƙafarka ba, duk wanda ya sayar maka da manhajar waya da sunan tana gano zinare ya cuce ka. Tambayar ba ta wasa ba ce a Zamfara. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilu na 2019, ba ta ɗage ba sai Disamba 2024. Lasisin haƙa kuma da lambobin wuri ake yanka shi, shi ya sa manomi in ya ga baƙo da na'ura a gonarsa gabansa yake faɗuwa. Na ba Malam shawara ya cire kalmar taska daga sunan darasin baki ɗaya.

Shugaban makarantar ya ba da izini ba tare da ɓata lokaci ba. Malam ya ɓoye gwangwanayen madara a harabar, kowanne da tambaya a ciki, ya raba yara rukuni-rukuni, waya ɗaya ga kowane rukuni. Ya rubuta musu a allo cewa Gusau tana wajen digiri 12 arewa da digiri 6 da ɗoriya gabas, digiri ɗaya na arewa kusan kilomita 111 ne, don haka lamba ta biyar bayan ɗigo kusan mita ɗaya take nufi. Wata yarinya ta taka zuwa arewa tana kallon lambar tana ƙaruwa, ta juyo ta ga tana raguwa, ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ashe layukan nan a ƙasa suke!" Ban ga abin da ya kai wannan daraja ba a duk tafiyar. Matsalar da ta fito ita ce caji: GPS da hasken fuskar waya a rana suna shan batir, tsofaffin wayoyi biyu sun mutu kafin a tashi. Cajin waya Naira 100 ne a shagon bakin makaranta, dole a sa shi cikin lissafi.

Bungudu tana kan hanyar Sakkwato, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, Naira 1,000 a mota. Gari ne na Sarkin Fulani, a gefen gulbin Sakkwato, kuma can ne asalin Malam. Gwaggonsa ta tarbe mu da dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, ta yi ta faɗan ba mu sanar da ita ba da ta yi tuwon shinkafa. Malam ya fara kai ni wurin mai unguwa muka gaisa, ya faɗi ko ni wane ne da abin da ke cikin wayar, sannan muka gangara fadama tare da ƙanin mahaifinsa. An fara shirin noman rani, injinan ban ruwa suna ta ƙara a bakin gulbi.

Dattijon ba ruwansa da wasa. Da ya fahimci abin da wayar ke yi sai ya ce, "To ɗana, tana iya hwaɗa min girman gonag ga?" Ya gaji gonar, ya san iyakarta da tsamiya da wata tsohuwar rijiya da kunyar maƙwabci, amma bai taɓa sanin eka nawa ce ba, kullum da ka yake sayen taki da iri. Muka zaga iyakar a ƙafa, OsmAnd tana rubuta sawu, muka tsaya a kowace kusurwa har lambar ta natsu kafin mu ajiye. Da muka lissafa, ta haura hekta ɗaya da kaɗan, ƙasa da yadda yake zato. Na gaya masa gaskiyar abin: wannan awo ya isa a san buhun taki nawa za a saya, amma bai isa a raba gado ko a je gaban alƙali da shi ba, domin kuskuren mita 5 a kan iyaka kunya da yawa ne, irin wannan sai ma'aunin ƙwararru mai gane santimita. Ya ce ya ji, iyaka dai tsamiya ta riga ta faɗa. Ya sa aka rubuta masa girman a takarda, ya ninke ya sa a aljihu, sannan ya ce in goge zanen gonar daga wayata kafin in bar garin. Na goge a gabansa.

Tun kafin la'asar Gwaggo ta fara korar mu don kada yamma ta yi mana a hanya, ta cika mini leda da ƙuli-ƙuli da busasshiyar kuɓewa na kai wa iyali. A mota na faɗa wa Malam hukuncina. Kada ya biya ko sisi. Manhajar kamfanin tana da kyau ga wanda zai je Landan ko Dubai yana son ya zaga gari, amma a Gusau za a biya ne don akwatunan da babu su, da sanarwar da ba a so. Ya sa c:geo don darasin harabar makaranta, wuraren su zauna a cikin wayoyin kawai. Ya sa OsmAnd don awo da sawu, Organic Maps kuma ga yaran da wayoyin gidansu ba su da ƙarfi. Ya kashe lambobin wuri a kyamara, kada ya fita da ɗalibai bayan katanga sai da sanin iyaye da mai unguwa, ya kuma riƙa kwafe fayilolin GPX a katin ajiya duk ƙarshen zango. Ya tambaye ni yadda zai yi da kuɗin datar sauke taswira a wayoyi da yawa. Na nuna masa ba sai kowa ya sauke ba, fayil ɗaya ne ake turawa daga waya zuwa waya ta Xender, yadda ake tura finafinai. Kafin mu shiga Gusau ya tura wa direbanmu, wanda ya ce yana so ya gwada ta a hanyar Talata Mafara.